Gishirin Fita Makoki

Ama, mahaifiyarmu, ta cika da sassafe, ni kuwa ban iso ba sai da rana ta take, domin daga ƙauyen mijina zuwa namu sai an gangara kwari an sake hawa tudu. Na tarar da tsakar gidanmu cike da mutane. An fito da ita an kwantar a ƙasa, an lulluɓe ta da rawayan ƙyalle. Maza na gefe suna sarar gora suna ɗaura makara, mata na kuka kowace da irin muryarta. Na duba gabas na duba yamma ban ga yayana Khemraj ba. Da na tambaya, sai matar Baffa Homnath, ƙanen mahaifinmu da gidansa ke jingine da namu, ta nuna min rumfar ɓaunar da muke tatsa da haɓa. Wai ba a gaya masa ba, don kada a tayar masa da hankali.

Nan hawayena suka tsaya, ɓacin rai ya maye gurbinsu. Uwar mutum tana kwance a ƙofar gida, kaf ƙauye an sani, har kajin maƙwabta sun sani, amma ɗan da ta haifa shi ake ɓoye wa.

Kurma aka haifi Khemraj. Yana yaro Ama ta kai shi makarantar kurame a birni, ya koyo maganar hannu, ya dawo ya koya mana ni da ita. Daga baya ganinsa ya fara tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta cikin gora, har ya rufe ruf yana tsakiyar ƙarfinsa. Tun daga nan, in za a yi magana da shi, sai ya ɗora tafukansa a kan hannuwan mai maganar ya bi motsinsu. Ni da Ama kaɗai muka iya, mu kaɗai kuma muka damu mu iya. Sauran mutanen ƙauye suna ɗaukar kwandunan da yake saƙawa suna yaba ƙarkonsu, amma in suka ratsa ta gabansa sai su kewaye shi kamar an ajiye turmi a hanya. Da aka kai ni gidan miji, duk hirarsa ta duniya ta koma hannun Ama. Ga hannun can yau a ƙarƙashin ƙyalle.

Na same shi zaune a kan kututturensa, kwando rabin saƙa a cinya, ba ya saƙa komai. Na taɓa kafaɗarsa yadda na saba, ya lalubo hannuwana. Ban kai ga motsa yatsa ba ya riga ni. Ya taɓa gefen hancinsa, wanda shi ne sunan Ama a tsakaninmu saboda zoben hancinta, sannan ya kifar da tafinsa ƙasa.

Ya ce min tun da safe ya sani. Ba hayaƙi daga murhu, ba a tatsi ɓauna ba, ƙasa sai girgiza take da sawun mutane, ga ƙamshin ɗanyar gora ya cika gidan, shi kuwa ya san abin da ake yi da ɗanyar gora a rana irin wannan.

"Zama na yi in ji wa zai zo ya gaya min," in ji hannuwansa. "Ba wanda ya zo."

Ya miƙe ya kama igiyarsa. Shi da kansa ya ɗaura igiyoyi a gidan, daga rumfa zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bayan gida, wata doguwa kuma a kan turaku har marmaron da muke ɗiban ruwa. Ya bi ta har tsakar gida, na ja shi sauran 'yan takun. Ya durƙusa, ya lalubo ƙafafun Ama ta saman ƙyalle, ya ɗora goshinsa a kansu. Masu kuka suka yi tsit, kamar shi ne abin kallon ba gawar ba.

Baffa Homnath ya jawo ni gefe. Ashe ya riga ya yanke magana: ɗansa Bhuwan ne zai sa wa gawar Ama wuta a bakin kogi, yadda muke ƙona mamatanmu, shi ne kuma zai zauna mata makoki. Ya shiga tuna min abin da ko yaro ya sani. Mai zaman makoki kwana goma sha uku zai yi a kusurwa, kai a aske, farin ƙyalle a ƙugu, yana dafa wa kansa shinkafa ba gishiri, kuma ba mai taɓa shi, mutum ko kare ko kaza. Aka taɓa shi, aiki ya ɓaci, ran mamaci ya rasa hanya ya yi ta gararamba. Shi kuwa wannan bawan Allah, in ji Baffa, in ba a taɓa shi ba ai ba a yi masa magana ba. Da tausayi ya faɗa. Tausayin nan nasa ya fi zagi ƙona min rai.

Na koma wurin Khemraj na zuba masa maganar a hannu, ban rage ko ɗaya ba. Ya miƙe tsaye ya fuskanci inda yake zaton Baffa yake, ya ɗan kauce kaɗan, sai ya zama turken ɓauna yake fuskanta. Ban gyara masa ba. Hannuwansa suka fara, ni kuma na ba su murya.

"Ya ce shi ta haifa."

"Tulasa, ki yi wa kanki faɗa," in ji Baffa. "Mai ido da kunne ma a rame yake fitowa daga zaman nan. Shi in aka bar shi haka ba mai taɓa shi, ai zarewa zai yi."

Da na isar da wannan, Khemraj ya yi dariya. Dariyarsa ƙara gare ta, tunda bai taɓa jin ta ba balle ya san yadda ake rage ta. A gaban gawa ya yi ta, wasu tsofaffi suka kama baki.

"Ya ce a tambaye ka, Baffa, yaushe rabon da ka taɓa shi? Ya ce shi tun ranar da idonsa ya rufe yake zaman makokin nan, aske masa kai ne kawai ba ku yi ba."

Baffa ya juya wurin Pandit Dilliram, tsohon malamin addininmu da ke yi wa gidanmu hidimar haihuwa da mutuwa tun kafin a haife mu. Pandit ya yi gyaran murya ya ce shi damuwarsa karatu ne, ta yaya wanda ba ya ji zai bi abin da ake karantawa? Bakina ya riga hankalina. Na ce Baffa ai yana ji sarai, a tambaye shi ma'anar kalma ɗaya a tsohon harshen da ake karatun da shi. Wani ya ƙyalƙyale a bayan taro ya mayar da ita tari. Sannan na tuna wa Pandit cewa lokacin da mahaifinmu ya rasu, Khemraj ne ya zauna masa, yana kurmansa, idonsa na gani, kuma shi Pandit da bakinsa ya ce bai taɓa ganin mai kiyaye ƙa'ida irinsa ba. Tsohon ya daɗe yana shafa haɓa. Daga ƙarshe ya ce shi dai abin da ya sani ɗa aka ce, bai ji an ce ɗa mai kunne ba.

Ni a raina na riga na ƙulla tawa. 'Ya mace da ta yi aure ta gidan miji ce, ba ta shiga kusurwar makoki da ɗan'uwanta, amma na ce wa Khemraj zan shiga, in riƙe hannunsa, duk mai jin haushi ya sha ruwa. Ya matse min wuyan hannu har na ji zafi.

"Kika taɓa ni," in ji shi, "duk abin da ya lalace a ƙauyen nan har baɗi, ko ɓaunar wani ce ta yi ɓari, za a ce Ama ce ba ta sami hanya ba saboda ni. Irin nasu zan yi, ba ragi."

Na ce to in Pandit ya gama karatu fa, wa zai gaya masa? Ya ce in tambayi tsohon ko iska taɓawa ce. Pandit ya ce iska ai kowa take taɓawa, ba a yi mata shamaki. Khemraj ya aike ni in ɗauko faifan da Ama ke sheƙa da shi, wanda shi ya saƙa mata. A tsaye a nan, ana ƙarasa ɗaurin makara, muka shirya. Gajeriyar fifita, ga ni nan kusa. Doguwa, karatu ya ƙare, a ajiye dunƙulen shinkafar da ake miƙa wa mamaci. Iyakar maganar da za ta rage masa ke nan.

Ya ɗauki sandar gaba ta makara a kafaɗa, mijina Yamlal na riƙe da gwiwar hannunsa, suka gangara kogi. Mu mata muka tsaya a gida. Yamlal ya ce min kafin Khemraj ya sa wutar sai da ya shafa fuskar Ama tun daga goshi har haɓa. Da suka dawo, kansa tas, farin ƙyalle a ƙugu, ruwan kogi bai gama bushewa a jikinsa ba, mutane suka dare masa hanya. Ya shiga kusurwar rumfa da aka killace masa da tabarma, ya zauna a kan karan shinkafa. Na tsaya daga nesa na kaɗa faifai. Ya ɗaga hannu alamar ya ji.

Damina ce, sanyi na shiga ƙashi da safe. Kullum sai ya bi doguwar igiya zuwa marmaro, ya yi wanka da ruwa mai sanyin tsiya, ya mulmula dunƙulen shinkafa Pandit na karatu, ni ina bayansu da faifaina. Ya dawo ya hura wutarsa, ya dafa shinkafarsa a tukunyarsa, ya zuba man shanu da ɗan citta, abincinsa na yini guda ke nan. Masu gaisuwa kuwa ba su yanke ba. Su zo su haɗe tafuka su sunkuya masa daga nesa, shi da ba ya gani, su yi masa ta'aziyya da baki, shi da ba ya ji, sannan su zauna kan tabarma su shiga hirar birai da suka addabi masara da 'ya'yansu da ke aiki a ƙasashen Larabawa. Su sha shayi su tafi, a ransu sun sauke nauyi. Ni kuma in yi ta fifita har kafaɗata ta ƙage. Matar Baffa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin ana yi wa mutum fifita a cikin sanyi ba. Na ce mata ai yanzu ta gani.

Baffa shi ya naɗa kansa mai gadi. Ya ɗauki sanda ya zauna a bakin rumfa yana korar karnuka da kaji, don har yanzu bai yarda za a kai ƙarshe lafiya ba. Sai dai gadin ya tilasta masa abin da bai taɓa yi ba, wato kallon Khemraj wuni guda. Ya ga yadda yake wanke tukunya ya kife ta a wuri ɗaya kullum, yadda yake cire matsattsaku daga ƙafarsa ba tare da ya yamutsa fuska ba. Ya kuma ga yadda da rana tsaka yake ɗaga hannuwa yana magana shi kaɗai, yana taɓa gefen hanci, yana miƙa tafuka yana jiran amsa, ba hannun da ke shigowa ƙarƙashinsu. Wata rana Baffa ya kasa haƙuri ya tambaye ni me yake cewa. Na ce ba da shi yake ba.

Ana cikin haka aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe muka bi shi zuwa marmaro kamar kullum, ba wanda ya lura ruwa ya zaftare gefen hanya ya tafi da turke ɗaya. Khemraj na tafe da igiya a hannu, sai igiyar ta saki. Ƙafarsa ta zame, ya gangara katangar gona ya faɗa cikin fadamar shinkafa da ke ƙasa. Da ya ɗago, dutse ya tsaga masa ƙwauri, jini na bin taɓo.

Abin da na gani ranar ba zan manta ba. Baffa da Bhuwan da Pandit suka jeru a bakin katanga, kowa ya cusa hannuwa a hamata don kada ya manta ya kai masa agaji, suna ta ƙwala wa kurma ihu. Wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu, Baffa har muryarsa ta dushe. Ni kuwa na yar da faifai na dira cikin gonar, na ce makoki ya ci kansa. Ya ji motsin taɓo yana matso shi, ya san ba mai wannan gaggawa sai ni. Ya ɗaga tafi ɗaya a tsakaninmu, taɓo na ɗiga daga yatsunsa.

"Kada," in ji shi.

Na tsaya, tafinsa na dab da fuskata. Na ji na tsani al'adar, na tsani mazan da ke tsaye a sama, shi ma na ji haushin taurin kansa kamar in rufe shi da duka. Ina kuka na ce a jefo min faifai. Na koma ta wajen da matakalar dutse take na shiga fifita, ya juyo fuska yana neman inda iskar ke fitowa, ya taka, ya tsaya, na sake, ya sake takawa. Mun daɗe kafin hannunsa ya sami dutsen farko. Ya hau da kansa, ya lalubo ragowar igiya, ya wuce marmaro. Ya yi wankansa, ya ɗaure ƙwaurin da ganye, ya mulmula shinkafarsa, ba abin da ya tsallake. Da yamma na hango Baffa shi kaɗai a wurin da ya zaftare, yana kafa sabon turke, yana jijjiga shi ya ji ko ya kafu.

Ranar fita, aka shafe gida da sabuwar jar ƙasa, aka ɗora manyan tukwane, ƙamshin miyar wake mai gishiri ya tashi. Dangi na kusa da na nesa suka cika tsakar gida har kan katanga. Pandit ya yayyafa wa Khemraj ruwan tsarki, aka ajiye masa sabuwar riga da hula ya sa. Sannan aka kawo gishiri da ɗan mai a kan ganye. Sai ya ɗanɗana za a ce makoki ya ƙare, sai ya ɗanɗana kuma kowa zai kai loma baki.

Na ajiye faifai na taɓa kafaɗarsa. Ya cafke hannuwana kamar wanda ruwa ya ci ya sami reshe. Na zaci zai ce ya gaji, ko ya tambayi ƙafarsa. Tambayar da ya yi ita ce, wa da wa suka zo gaisuwa? Na shiga jero masa, gida-gida, har da waɗanda suka zo fiye da sau ɗaya.

"Ni iska kawai na ji," in ji shi.

Pandit ya miƙo ganyen, na kai hannun Khemraj kai. Ya shinshina, ya gane, ya ture shi gefe. Ya ce in gaya musu duk wanda zai ci abincin Ama yau, ya zo ya sa hannu a cikin nasa tukuna. Na faɗa da ƙarfi yadda na kan katanga ma za su ji. Guna-guni ya tashi. Wani ya ce tun asuba suke tafe ba su karya ba. Matar Baffa ta ce wannan ai ba ya cikin al'ada. Na isar masa.

"Ya ce taku al'adar ya cika ta, ba ragi. Wannan tasa ce."

Ya zauna a kan kututturensa, ya ɗora hannu a gwiwa, tafi a buɗe. Ba wanda ya motsa. Ba ƙi ba ne kawai, kunya ce da rashin sanin yadda ake yi, manyan mutane sai kallon juna suke. Shi kuwa ko a jikinsa, wanda ya yi wancan zaman ba jiran abincin rana zai gagare shi ba.

Baffa Homnath ne ya fara tasowa, tunda shi ne babba. Ya goge hannunsa a riga, ya sake gogewa, ya durƙusa, ya ɗora shi a tafin Khemraj kamar mai gwada zafin tukunya. Khemraj ya rufe shi da ɗaya hannun. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya shafa farce, ya juya tafin ya bi kantar da fartanya ta bari, ya hau har wuyan hannu. Ya daɗe yana nema. Sannan ya juyo wajena ya yi tambaya da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da na Baffa.

"Me ya ce?" in ji Baffa.

Da na so da na sassauta. Ban so ba.

"Ya ce wane ne wannan."

Mutumin da bango ɗaya ya raba ɗakinsa da na Khemraj tun haihuwarsa ke nan. Na ɗaga hannu zan faɗi sunansa, wanda a wurinmu murza gashin baki ne, sai Baffa ya girgiza min kai. Shi da kansa ya ɗauki hannun Khemraj ya kai fuskarsa. Gashin bakin da yake taƙama da shi babu, an aske shi ranar da aka kai Ama kogi, kamar yadda ake yi wa mazan dangi, sai ɗan tsiro mai kaushi, shi ma jiƙe da hawaye. Yatsun Khemraj suka tsaya a wurin. Can ya ɗaga ɗaya hannun ya murza iska a gefen leɓensa, yana tambaya. Baffa ya gyaɗa kai, kuma a karo na farko gyaɗa kansa ya isa inda aka aike shi, don hannun na kan fuskarsa.

Matar Baffa ta raɗa min cewa shinkafa fa tana hucewa. Na ce su ci ta da sanyi.

Khemraj ya saki Baffa, ya mayar da hannunsa kan gwiwa, ya sake buɗe tafi. Gishiri na nan a kan ganye, ko juyawa wajensa bai yi ba.